Saki Igiyar, Yaya

Da yamma aka kashe injin wutar lantarki na madatsar ruwa, saboda itatuwa sun toshe ragar ƙarfen da ruwa ke bi. Wa da ƙani aka tura su share. Ƙanin ne mai nutso, wan kuma shi ke tsayawa a sama riƙe da igiyar da aka ɗaura wa ƙanin a ƙugu. Dokar aikin ba ta da wasa: ba a tayar da inji sai wan ya faɗa ta rediyon oba-oba cewa mutum ya fito. In aka tayar da inji alhali mutum na ƙasan ruwa, ko ƙashinsa ba za a tsinta ba.

"Riƙe da kyau, tsoho," in ji ƙanin cikin zolaya. Ya goya tukunyar iska, ya nutse.

Duk wanda ya saba da rurin inji, shiru tsoro yake ba shi. Rana ta yi ja. Kwaɗi ma suka yi tsit. Can sai wan ya ji warin laka, irin ta ƙasan ruwa da ba ta taɓa ganin rana ba.

Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga a bayansa.

"Yaya," aka raɗa. "Na fito ta tsani. Saki igiyar, ka ce su tayar."

Ya waiga. Ƙaninsa ne tsaye, jiƙe sharkaf, yana murmushi. Wan ya sauke ajiyar zuciya, ya kai oba-oba baki.

Igiyar ta fizge shi.

Ya dubi ruwa. Kumfar numfashi na ta tasowa.

"Kututture ne ya kama ta. Yi magana mana, Yaya."

Muryar ta iso dab da kunnensa, amma babu hucin numfashi. Ya yar da oba-oba, ya kama addu'a, yana jan igiya har tafukansa suka tsage.

Yatsu masu sanyi suka dafa wuyansa.

Bai sake waigawa ba sai da kan ƙaninsa ya ɓullo. A bayansa ba kowa, sai laka.

Tun ranar ba wanda ya koma aikin a cikinsu. Sai da aka kwana biyu ƙanin ya iya buɗe baki.

"Yaya, a can ƙasa na gan ka. Kana ta kwance mini igiya."