Lambun da Aka Ce wa Ina Zuwa

Da kaka ne, bayan girbi, Zulai'atu ta fara ganin Gambo, ranar da ita da ƙawayenta suka taso daga Yelwa zuwa Wara don su ga tsohon gari. Shi ya ɗauke su a kwalekwalensa. Garin dai ruwan Kainji ya shanye shi tun zamanin kakanni, abin da ya rage tudu ne guda a tsakiyar ruwa: rusasshen zauren gidan kakan Gambo, da guntun katanga, da lambun lemun tsami da mangwaro wanda bai daina 'ya'ya ba. Ta lura ya yi sallama a bakin zauren da ba kowa. Da za su tafi kuma ya juya ya ce wa itatuwan, "Ina zuwa." Ƙawayenta suka yi ta dariya har tsakiyar ruwa. Ita ba ta yi ba.

Bayan aurensu, duk kaka idan an yanke gero sai su haye da tuwo da soyayyen kifi, su share lambun, su sassabe ciyawa, su wuni a gindin mangwaro, 'yarsu Altine tana tsintar lemo a zaninta. Gambo ya gaya mata kakansa ne ya fara faɗin kalmar ranar da aka tashe su, don bakinsa ya kasa yin bankwana da gidan, su kuma suka gada.

Shekara biyu ke nan da iska ta kife kwalekwalen. An ceto fasinjoji, ba a ga Gambo ba. Zulai'atu ta yi takaba don surukarta, Inna Tabawa, ta matsa, amma ta ƙi zama karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya tambaye ta, har Altine, sai ta ce ya yi tafiya. Suka koma Yelwa su uku, gidan da ya juya wa ruwa baya. Ko hanyar bakin kogi ta daina bi.

Wata ran Laraba, rana ta yi ja, ana gab da kiran magariba, Altine tana tsince shinkafa a tsakar gida, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Inna Tabawa ta leƙa waje tana faɗa, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo a gaban Zulai'atu. Ta ɗauka, ta ji shi a jiƙe, da laka da gansakuka, alhali an yi sati uku ba a ga hadari ba. Kaji suka yi tsit. Ƙamshin furen lemo ya cika gidan, gidan da ko tsiron lemo babu a cikinsa.

Haka aka yi ta yi kwana bakwai, kullum da almuru. Wani lokaci a ji sharar tsintsiya a bayan ɗaki, wani lokaci muryar tsohuwa tana sallama a zaure, a amsa, ba wanda zai shigo. Altine ta daina cin abinci. A rana ta bakwai aka tsinto ta a bakin kogi, ruwa ya kai mata gwiwa, idonta a kan ƙetare. Da aka riƙo ta sai da mata huɗu suka taru a kanta, yarinya 'yar shekara tara.

Inna Tabawa ta aika garin Shanga aka ɗauko Malam Shamsuddeen, dattijo marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe yarinyar, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe gidan, hayaƙin murhun maƙwabta ya kwanta ƙasa, sannan Altine ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin ta tsofaffi. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dushe.

Malam ya tambaye ta ko wace ce, kuma me ya kawo ta jikin marainiya. Ta ce ita aljana ce Musulma, a lambun kakan Gambo take tun kafin a dasa mangwaron. Da mutane suka tashi, danginta ma suka tashi, ita ta zauna, don mai gidan ya ce yana zuwa, kuma bai saɓa ba, shi da ɗansa da jikansa. Yanzu kaka biyu ke nan tana jira. Lemo ya zube ya ruɓe, ciyawa ta rufe ƙofar zaure.

"Ya ce mini yana zuwa," in ji ta. "Tunda bai taho ba, ɗiyarsa ta taho. Jininsa ce. Ni zan riƙe ta can."

Malam ya ce mata wannan zalunci ne, kuma in ta ƙi fita zai ci gaba da karatun da ta san ba za ta iya ɗauka ba. Ya shaida mata Gambo ya riga mu gidan gaskiya. Tsohuwar ta girgiza kan yarinyar, ta ce ƙarya ne. Kwana bakwai tana gidan nan, ta ji da kunnenta matarsa tana cewa tafiya ya yi. Mata ta fi kowa sanin inda mijinta yake. In matar ta faɗa, za ta yarda. In ba ta faɗa ba, yarinyar tata ce.

Malam ya ɗago ya dubi Zulai'atu.

Tana tsaye jingine da randa. Ta dubi ƙafafun 'yarta, har yanzu akwai busasshiyar laka a tsakanin yatsun. Aka fara kiran salla a masallacin unguwa, ta jira har aka gama, sannan ta durƙusa a bakin tabarmar.

"Baiwar Allah," ta ce, "maigidana ya rasu. Ruwa ya ci shi. Ba zai zo ba."

Sai hawaye suka fara zuba daga idon Altine, kuka marar sauti irin na wanda ya tsufa da jira. Inna Tabawa ta rufe fuska da mayafi.

"Allah shi jiƙansa," in ji muryar. "Yaro ne mai sallama."

Ta ce ba ta neman yanka, ba ta neman turare. Abu ɗaya take roƙo: in ba za a ƙara zuwa ba, a je a yi mata bankwana kamar yadda ake yi wa maƙwabci, don ta sani, ita ma ta tashi. Malam ya ce ba ya ƙulla alkawari da aljan a madadin kowa, ta fita don tsoron Allah, abin da mutanen gida suka ga dama su yi daga baya nasu ne. Ta ce ta ji. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Ƙamshin lemon ya ɗauke.

Malam ya tafi masallaci. Inna Tabawa ta kunna fitila ta shiga alwala. Can Altine ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Mama, na ji abin da kika ce. Da gaske ne?"

"Da gaske ne."

Yarinyar ta cusa kai a ƙirjinta. Zulai'atu ta riƙe ta har kukan ya lafa, nata da na yarinyar, sannan ta share mata fuska da gefen zani.

"Ranar Asabar zan shiga kwalekwale, ni da ke da Inna," ta ce. "Lambun ubanki ne, ba bankwana za mu je yi ba. Za mu share shi, mu yi masa addu'a a can. Kuma muddin ina da rai, kaka ba za ta sake wucewa ban kai ki ba."