Kwalbar Mbok Tumirah

Ƙarfe biyun ranar Litinin Sufeto Wiryawan ya shiga ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan wani asibitin haƙori a garin Bantul. Tun daga bakin ƙofa yake jin muryar Dakta Sekar.

"Shekara huɗu ina wahala, Pak Sufeto! Shekara huɗu, a zo a ɗauke min uwa da rana tsaka!"

Uwa ita ce kwalbar ruwan iri. Ita ake tsiyayawa cikin ruwan kwakwa, ƙwayoyin cikinta su saƙa wata farar aba mai santsi da ake kira nata a saman faranti. Kowa a garin ya ci nata a ruwan ƙanƙara. Ita kuwa Dakta tsarkake ta take yi, ta shimfiɗa ta kan ƙashin muƙamuƙin da ya zaizaye, ƙashi ya sake tohowa a ƙarƙashi, haƙori ya samu gindi. A duk irin da ta gwada, na wata tsohuwa mai sana'ar nata, Mbok Tumirah, shi kaɗai ya yi.

"Wa ya gan ta ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Ni ne," in ji Danang, mataimakin Dakta, yana gyara farar rigarsa. "Da safen nan na gan ta da idona. Mbok ta kawo ruwan kwakwa, tana fita, babu kwalba."

"Ka san gidanta?"

"Me zai kai ni ƙauye, Pak? Amma ku duba rumfarta ta baya."

Sufeto ya dube shi. Ya leƙa kantar da ake ajiye uwar. Gurbin kwalbar yana can ciki, bayan jerin farantai, ba mai kai hannu sai ya jawo su. A gefen faranti biyu akwai ruwan da ya zube, ya bushe ƙaƙas.

Kafin la'asar suka isa ƙauyen. A rumfar baya, ƙarƙashin tulin ɓawon kwakwa, 'yan sanda suka zaro kwalbar, an ɗaure bakinta tam da shuɗin murfi. Maƙwabta suka cika ƙofa suna salati. Aka sa tsohuwa a mota.

Washegari ta zauna gaban Sufeto a ofis, idanu jajir, ko taɓa shayin da aka ba ta ba ta yi ba. Jaridar safe na kan tebur, ga hotonta, an rubuta ɓarauniya.

"Mbok, me ya kawo kwalbar nan gidanki?"

"Ni kake tambaya? Da hannuna na ba su ita kyauta, sannan in koma in sace abina? Wane irin kai ne a wuyanka, ɗan nan?"

Sufeto ya haɗiye fushinsa, ya dire kwalbar gabanta. Sai tsohuwa ta miƙe zumbur.

"Wane mara imani ne ya shaƙe ta? Buɗe! Buɗe mata baki, numfashi take yi! Shekara arba'in ina wannan sana'a, takarda nake rufawa in ɗaure da roba. Ko jikata ba za ta sa wa uwa murfi ba!"

Sufeto ya tuna kwalaben da ya gani a rumfarta, kusan talatin, kowace da hular tsohuwar jarida. Ya murɗe murfin, ya ɗauki kwalbar da makullin mota.

"Tashi mu je, Mbok. Akwai abin da za ki karanta min."

"Ban yi makaranta ba."

"Wannan kin fi kowa iyawa."

A ɗakin gwaje-gwaje ya nuna mata farantan nan biyu. Ta wanke hannu, ta ɗaga gefen natar da yatsa, sai ta rabu gida biyu, ɗaya kan ɗaya.

Tsohuwa ta ja tsaki. "An girgiza shi. In ka motsa faranti, wadda ta fara saƙuwa sai ta nutse, sabuwa ta tashi a kanta."

"Yaushe?"

Ta matsa ta saman tsakanin yatsu biyu. "Wannan kaurin kwana huɗu ne. Juma'a."

Dakta Sekar ta sunkuya ta gwada da ma'auni, ta ɗago a hankali. "Gaskiyarta. Juma'a kuwa ina Semarang wurin taro."

"Ni kuma ina gaban tukunya a bikin 'yar Pak Kardi," in ji Mbok. "Kwana uku. Ka tambayi ƙauyen kaf."

Sufeto ya juya. "Mas Danang, wa ke da makulli ranar Juma'a?"

"Ni, amma..."

"Ka ce jiya da safe ka ga kwalbar da idonka. Ka ce ba ka taɓa zuwa ƙauyenta ba, amma ka san tana da rumfar baya. Ga murfi shuɗi irin waɗanda na gani jiya cikin durowarka. Wacce ƙaryar za ka fara janyewa?"

"Maganar tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba za ka ɗauka?"

Sufeto ya buga tebur har kwalabe suka yi ƙara. "Tsohuwar nan ta kwana a kan siminti saboda kai! Amsa min!"

Fuskar Danang ta yi duhu. Ya juya kan Dakta.

"Eh, ni na kai ta! Ina da digiri biyu! Ni nake kwana kan na'ura! Amma kika ce a takardar rajistar wannan bincike sunanta za a sa gaban nawa. Mai sayar da nata a kasuwa! Na ce in aka kira ta ɓarauniya, mu ga wanda zai rubuta sunanta."

"Mutum bakwai ke jiran aiki a bakinsu," in ji Dakta, haƙoranta a cije. "Ka kusa kashe iri saboda layi ɗaya a takarda."

Ankwa ta yi ƙas. Da za a fita da shi, Mbok ta tare hanya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Digiri biyu, ba ka san mai rai yana son iska ba."

Aka tasa ƙeyarsa.

Tsohuwa ta ɗaga kwalbar ta duba a haske. A saman ruwan akwai wata farar yana, siririya kamar fatar albasa.

"Da sauran ranta," ta ce. Ta fizge jaridar da ke hamatar Sufeto, ta yage shafin da ke da hotonta, ta rufa a bakin kwalbar, ta zare robar gashinta ta ɗaure.

"Sai ka mai da ni gida, ɗan nan. A gaban motar zan zauna, kuma ta tsakiyar kasuwa za mu bi."