Tauraron da Yake Rawa

Ranar da ta fara shiga shagonsa, Tartsatsi mai walda sai da ya ƙona yatsa. Ya ɗaga tabarau don ya ga mai sallama, ya dafa ƙarfen da ya gama narkawa. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana wasa da wuta, ga shi yana tsotsar yatsa a gaban mace.

Malamar kimiyya ce a sakandaren bayan layinsu. Ta shimfiɗa zane a kan tebur: wani tauraro mai nisan gaske da manyan duniyoyi huɗu da ke kewaya shi. So take ya ƙera mata su da ƙarfe, da hannun murzawa, don baje kolin makarantarsu.

"Kowace ɗaya ta ninka duniyarmu sau ɗaruruwa, Malam," in ji ta. "Tauraron kuma ka bar shi sako-sako."

Ya ce to, amma bakinta yake kallo.

Bayan mako biyu ta dawo. Ta murza, duniyoyin suka zagaya, tauraron ya tsaya ƙyam.

"Na ga zanenki ya bar tsakiyar tana motsi, sai na gyara miki," ya faɗa yana fankama. "Ko mota ta bi ta kai ba zai girgiza ba."

Guduma Malama ta ɗauka da hannu biyu ta narka wa waldar, ta ƙara, ta ƙara, har ɓarɓashi ya yanke shi a kunci.

"Wa ya sa ka? Tauraron nan ya yi nisa, ba a ganin duniyoyinsa! Jan sa suke yi, shi kuma yana rawa, da rawar aka gane suna nan. Ka kashe min darasin gaba ɗaya!"

Ta fice. Shi kuwa bawan Allah, jini na bin kuncinsa yana murmushi. Da yamma ya tura mata saƙo:

"Mai Guduma, na kwance waldar. Tauraronki yana rawa. Ni ma tun da kika fita ban tsaya daidai ba."

Sai da ta ja masa rai kwana biyu kafin ta amsa:

"Allah ya ƙara. Ka sa magani a kuncin nan, ba na son tabo a fuskar da nake kallo."

Daga nan zance ya yi nisa. Da ya aika neman aurenta, Babanta ya ce a'a. Yayanta ya riga ya cika masa kunne cewa mai waldan ɗan iska ne, mashayi, alhali shi Yaya abokinsa mai sayar da motoci yake wa tanadinta.

Wata rana da tsakar rana suka zo shagon, su biyu. Mai Motoci ya ja ƙofar shagon ya rufe, Yaya ya kai wa Tartsatsi naushi a baki. Suka kayar da shi, suka yi ta shuri har haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Injin yankan ƙarfe na nan kusa da hannunsa na hagu, a jone da wuta. Ya kalle shi, ya tuna Yaya jininta ne, ya kau da kai.

Mai Motoci ya danne masa hannun dama a kan tebur. Yaya ya fizge babbar duniyar daga sandarta, ya ɗaga ta sama, ya sauke. Ƙarar ƙashi ta cika shagon, gefen ƙwallon ya daki bakin tebur ya lotsa.

"Ka sake kiran sunanta, ɗayan ma ya tafi," in ji Yaya.

A asibiti Tartsatsi ya ce ƙarfe ne ya faɗo masa. Da hagu ya rubuta mata:

"Kada ki ƙara zuwa shagon. Ki yafe ni."

Ta yi kuka kamar ranta zai fita, ta ɗauka tsoron Baba ya sa ya sake ta. Rana ta uku kukan ya koma fushi. Ta banka ƙofar shagon da niyyar zazzaga masa, sai ta ga hannu a naɗe da filasta, leɓe a fashe, babbar duniyar a ƙasa da busasshen jini.

"Waye?"

"Ƙarfe ne, Mai Guduma."

"Tartsatsina, ka dube ni. Waye?"

Ya ƙi faɗa. Ta share hawaye, ta ɗauki tabaransa ta saka.

"To koya min."

Kwana huɗu tana walda yana gaya mata inda za ta ɗiga, wuta tana cin bayan hannunta. Lotsawar kuwa ta ce a bar ta yadda take.

Ranar baje koli Baba ya zo ganin aikin 'yarsa, Yaya ne ya tuƙo shi. Tartsatsi na gefe da hannu rataye a wuya. Malama ta murza, tauraron ya shiga rawa.

"In kun ga abu yana rawa ba dalili," ta gaya wa ɗalibanta, "to akwai wani abu mai nauyi kusa da shi da ba ku gani."

Babbar duniyar ta zagayo, lotsawar ta wuce ta gaban hancin Yaya. Makullin mota ya fara kaɗawa a hannunsa. Ta sake zagayowa, makullin ya faɗi.

Baba ya dubi ɗansa, ya dubi filastar, ya dubi ƙunar da ke hannun 'yarsa.

"Kai kuma me ke girgiza ka?"

"Baba, ni..."

Marin da ya sauka har bayan aji an ji shi. Baba ya juya ga Tartsatsi.

"Ka san wanda ya yi maka wannan, ka yi shiru?"

"Yayanta ne, Baba. Ban so ta tsane shi ba."

Tsohon ya kama hannunsa na hagu ya riƙe.

"Ka turo manyanka, ɗana."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai Motoci ya ɓace daga unguwar, Yaya ya zo ya durƙusa neman gafara. Yatsun Tartsatsi biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, don haka duk aikin da ke son hannu mai natsuwa, amarya ke saka tabarau bayan ta taso daga makaranta.

"Ka ga layin waldata ya fi naka kyau," takan ce.

"Ai na sani, Mai Guduma. Ki dai ajiye gudumar nesa."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka.