Takardar da Ta Ce Lafiyarta Ƙalau

Auta tana tsaye a gaban teburin guga tun safe, zafin dutsen guga yana dukan fuskarta, ba ta ankara ba sai ta ga ɗigon jini a kan farar rigar wani mutum da take gogewa. Ta duba yatsunta, babu yanka. Ta sunkuyar da kai, sai ga gaban rigarta ya jiƙe ta gefen hagu... Innalillahi! Abin da take ɓoyewa wata biyu ya fito fili.

Shagon wanki da gugar na yayar mijinta ne, wadda kowa ke kira Yaya. Auta marainiya ce, ba uwa ba uba, mijinta kuwa direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba. Kafin Auta ta yi dabarar ɓoye rigar mutumin, Yaya ta fizge ta da yatsu biyu, ta ɗaga sama a gaban ma'aikata da masu karɓar kaya, tana toshe hanci.

"Tir! Kai, wannan ƙazanta har ina? Ku gane mini abin da ke tsiyaya daga jikin matar ƙanena!"

"Yaya, don Allah ki rufa mini asiri," in ji Auta. "Ba ni da lafiya. Kan nonon ya shige ciki, fatar wurin ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo..."

"Rufe mini baki! Ga takardarki can, ko ba ki iya karatu ba ne?"

Takardar tana manne a bango kusa da kalanda. Wata uku da suka wuce an yi wa mata hoton nono a asibiti, Auta ta je, sakamako ya fito babu komai. Ranar har sujada ta yi don murna. Ashe wannan takarda ce za ta zame mata bulala! Duk sanda ta dafe ƙirji, Yaya ta nuna bango. Duk sanda ta nemi izinin komawa asibiti, Yaya ta ce lalaci ne da son jiki.

Daga ranar jinin nan aka ware mata kofi da kwano, aka ajiye su bayan ƙofa kusa da tsintsiya. In ta zauna a kan kujera ta tashi, sai Yaya ta sa a goge da ruwan omo. Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne yadda matar nan take taunar cingam tana ba baƙi labarin jikinta, tana dariya har da tafa hannu. Ba ta tsaya nan ba, ta kira ƙanenta a waya ta ce ciwon banza matarsa ta kwaso a waje, kuma akwai wanda take zuwa gani a asibitin.

"Baban yara, wallahi ƙarya ake mini," Auta ta faɗa masa a waya tana kuka. "Shekara goma sha tara muna tare, ka taɓa kama ni da wani abu?"

"Na'ura ta ce ba ki da komai, ke kin fi na'ura sani ne?" ya daka mata tsawa. "Kada ƙafarki ta sake taka asibitin nan sai na dawo!"

Ta durƙushe tsakanin kwandunan wanki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da kowa... Ka bayyana gaskiyata, Ka bar ni in ga girman 'ya'yana."

Ranar da aka aike ta kai labule wani ofis, ta zarce asibiti. Likitan farko ko ɗago kai bai yi ba, ya ce hotonta lafiya lau, ta sha maganin ciwon jiki. Ta fito ta zauna a baranda tana share hawaye da bakin mayafi. Wata nas mai furfura ta tsaya ta tambaye ta, ta ji bayani, ta kama hannunta ta kai ta wurin wata likita mace. Likitar ta duba ta a tsanake, fuskarta ta canza.

"Baiwar Allah, kin kyauta wa kanki da kika dawo. Hoton nan ba komai yake gani ba, musamman in naman nono yana da kauri. Wanda ya ga irin waɗannan alamu ba ya zama don takarda ta ce lafiya."

Aka yi mata sikanin, aka ɗebi ɗan nama da allura don a auna, aka ce za a kira ta. Da ta koma shago Yaya ta ga plasta a ƙirjinta, ta zabga mata mari, ta ƙwace wayarta wai don ta daina magana da kwartonta.

Mako ɗaya, biyu, har biyar... shiru. Auta tana guga, tana rama, tana cewa a ranta ƙila da gaske ba a ga komai ba.

Ranar da mijin ya dawo, Yaya ta tara 'yan'uwa a cikin shagon, ta ajiye masa takarda da biro ta ce ya rabu da wannan annoba. Auta tana tsugune, hawaye sun ƙare mata. Ya ɗauki biron ke nan sai ga sallama. Nas ɗin nan ce mai furfura, ta biyo adireshin da aka rubuta a kati.

"Alhamdulillahi, kina raye! Sau shida muna kira, wata mata tana ɗauka tana cewa kin warke, mu daina damunku. Likita ta ce ban yarda ba, je ki gano da idonki. Sankara ce, baiwar Allah, kuma kowace rana tana da muhimmanci!"

"Wace mata?" in ji mijin.

"Ni ban san zancen ba," Yaya ta yi caraf.

Nas ta ciro wayarta, ta danna lambar Auta. Nan take waya ta fara ruri a cikin jakar Yaya! Wani ƙaninsu ya zazzage jakar, wayar Auta ta faɗo.

"Yaya..." mijin ya faɗa. "Kin ji an ce a zo da gaggawa, kika yi shiru? So kike ta mutu?"

"To, wa zai yi mini gugar in an kwantar da ita?" Maganar ta kuɓuce mata kafin ta kama bakinta.

Wata ma'aikaciya ta tofar da yawu ta cire rigar aiki ta fita, sauran suka bi ta. Mijin ya zube a gaban matarsa yana kuka kamar yaro, yana roƙon gafara. Auta ta kau da kai ta ce, "Tashi ka kai ni asibiti, maganar yafiya sai na samu ƙarfinta."

An yi mata tiyata a makon, aka bi da magani na wata shida. Gashinta ya zube, ta yi amai har ta gaji, mijin ya bar tafiyar nesa yana riƙe mata roba yana wanke mata kaya. Daga ƙarshe likita ta ce Allah ya sa ciwon bai bazu ba.

Yaya kuwa labari ya zaga unguwa, masu kawo wanki suka ɗauke ƙafa, shago ya mutu, 'yan'uwa suka daina amsa sallamarta. Wata rana ta tare Auta a ƙofar asibiti, ta rame ta yi baƙi, ta miƙo hannu za ta kama ƙafarta. Auta ta ja da baya.

"Na yafe miki, Yaya, don nima ina son Allah ya yafe mini. Amma gidana kada ki zo."

Ta wuce a hankali zuwa bakin titi, inda mijinta da 'ya'yanta biyu suke jiranta da mota a buɗe.