Hannun da Ke Miƙo Tuwo

"To, nan ce Shishar taki?"

Rumasa'u ta ɗago daga kan tukunyar tuwo, muciya a hannunta. Samah ce tsaye a ƙofar kicin, 'yar kawun Marwan, saurayin Rumasa'u, ta ɗan ɗage abayarta don kada ta taɓa ruwan wanke-wanken da ke ƙasa.

"Samah... me ya kawo ki Jarwal?"

"Ke na biyo, ya habibti. Na je ginin da kika ce kina zaune a unguwar Shisha. Mai gadi ya ce bai taɓa jin sunanki ba. Ya ce akwai dai wata da ake saukewa a ƙofa, ta jira motar ta sha kwana, ta tare tasi."

Tuwon ya fara kamawa. Rumasa'u ta ji ƙaurinsa.

"Iƙama fa, takardar zaman ƙasa? Kina da ita?"

Rumasa'u ta sauke tukunyar daga wuta, ta juya mata baya.

"Halas, shi ke nan, na samu amsa. Na ji ranar Alhamis za ku rufe. Zan kawo Marwan da mahaifiyarsa su ci abincin bankwana, in ce a kira mana mai girkin mu yi mata godiya." Ta gyara jakarta. "Ko kuma ki kira shi kafin nan ki ce kin fasa. Sai in bar ki da asirinki."

Ranar Litinin ce. Saura kwana uku.

Gidan abincin Hajiya Kabira ya shekara ashirin da uku a wannan lungu na Jarwal, a Makka. Tebur shida, ɗaki ɗaya na iyali mai labule, sai kicin a baya. Tsakanin kicin da masu cin abinci akwai bango, a jikinsa wata 'yar taga da faranti ne kawai ke iya wucewa ta cikinta. Matan da ke girki ba sa fitowa, maza kuma ba sa ganin komai nasu sai hannu.

Wata biyu da suka wuce mai ginin ya sayar da shi, aka shafa jan fenti a bangon waje, alamar rusau. Hajiya Kabira ta nemi wani shagon har ta gaji. Ta ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta haƙura.

Rumasa'u tana shekara shida mahaifiyarta ta zo da ita Umara daga Kano, ba su koma ba. Mahaifiyar ta rasu tana aiki a kicin ɗin nan, Hajiya Kabira ta riƙe yarinyar. Yanzu shekarunta ashirin da huɗu. Larabcinta na 'yan Makka ne tsantsa, amma ba ta da takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunanta.

Muryar Marwan ta fara sani kafin fuskarsa. Haifaffen nan ne, jikan alhazan da suka zauna tun da daɗewa har suka zama 'yan ƙasa, ma'aikaci a wani kantin magani. Kullum bayan Azahar yana zama a teburin da ke jikin tagar, ya nemi tuwo da miyar kuka da Hausarsa mai karyewa, ya ce, "A gaida mai miya."

Tana son jin hakan.

Sai wata rana abokinsa Talal ya tsokane shi. "Da wannan ci da kake yi, wata takari za ka aura!"

Takari, sunan da ake kiran waɗanda suka zo ibada suka zauna babu takarda.

Marwan ya yi dariya. "Abincinsu muke ci, ya shehu, ba aurensu ba."

Hannunta na cikin tagar a lokacin, riƙe da farantinsa.

Bayan wata huɗu aka kira ta ta yi wa wata amarya lalle, aikin da take yi ranakun hutu. Amaryar ƙanwarsa ce. Da aka gama, aka ce yayan amarya ya mayar da mai lalle gida. Yana yin sallama ta gane muryar. Ya kalle ta ta madubin mota, ya tambaya cikin ladabi ina za a kai ta.

"Shisha," ta ce.

Kalma ɗaya ce, sunan unguwar masu hali. Wata takwas ke nan tana ɗauke da ita. Ya nemi lambarta ta hannun ƙanwarsa, hira ta yi nisa, ya fara maganar turo manya. Duk lokacin da ya tambayi gida, sai ta ce innarta ba ta da lafiya, a jira.

Ranar Talata ta faɗa wa Hajiya Kabira komai, suna gyaran kuɓewa.

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Da kika ce Shisha, mu kika ji kunya ko kanki?"

"Inna..."

"Tambayarki nake."

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba."

"Uwarki a kan wannan kujerar ta zauna shekara tara. Ba ta taɓa ɓoye wa kowa inda take kwana ba." Ta tura mata kwandon. "Yanka. Ni ba zan yi miki ƙarya ba, ba kuma zan tona ki ba. Bakinki ne."

Ranar Laraba da yamma Marwan ya kira.

"Ruma, ranki ya daɗe, kin ji za a rufe gidan tuwona?"

"Ka faɗa min."

"Gobe Samah ta matsa sai mun je da Ummi. Ni dai abin ya dame ni. Shekara biyu ina cin miyar mutum, ban taɓa yi masa godiya ido da ido ba. Habibti... akwai abin da kike so ki faɗa min?"

Ta buɗe baki. Ta tuna dariyarsa.

"Babu."

"To," ya ce a hankali. "Allah ya kai mu goben."

Ranar Alhamis tun kafin Azahar gidan ya cika. Masu tura keken marasa lafiya a Harami, direbobi, teloli, masu sayar da carbi. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake barin saƙo ga ɗan'uwan da ya zo aikin Hajji, a nan ake sanar da mutuwa. Mutane suna tambayar juna inda za su haɗu daga yau, babu mai amsa.

Ɗan'auta mai tsire, wanda furfura ta cinye gemunsa amma sunan ya ƙi barinsa, yana juya nama yana ba'a.

"Ni Mina na nufa, dako! Sai dai saura wata biyar Hajji. Kafin nan iska zan riƙa ci."

"Da wannan tumbin za ka ɗauki kayan alhazai?" wani ya ce.

"Tumbin ai tsiren da kuka raina ne ya gina shi!"

Aka yi dariya, ta mutu da wuri.

Malam Mukhtaru, tsohon tela, ya matso jikin tagar. Tun rasuwar matarsa, shekara goma sha ɗaya, a nan yake cin abincin rana. Ya sunkuyo.

"'Yata, wata alfarma nake nema. Kwanon nan mai shuɗin baki da kuke zuba min... ko za a bar min shi?"

Rumasa'u ta wanke kwanon, ta goge, ta miƙa. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ban san fuskarki ba, amma ina sa ki a addu'a. Allah ya ba ki miji mai alfahari da ke."

Ta jingina goshinta da bango.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka iso. Ta ji muryar Samah tana nuna wa Hajiya Lailatu, mahaifiyar Marwan, ɗakin iyali. Ta zuba tuwo uku, miya, man shanu, ta jera a tire. Mairama, abokiyar aikinta, ta miƙo hannu za ta tura ta taga.

"Bari," in ji Rumasa'u. "Ni zan kai."

"Ta ina?"

"Ta ƙofa."

Ba ta cire zanen aikin da ta ɗaura a kan abayarta ba. Ta ratsa tsakanin teburori, maza suna janye ƙafafu. Ta ɗaga labulen.

Samah ta buɗe baki, amma an riga ta.

"Sannu da zuwa, Hajiya." Rumasa'u ta ajiye tiren, ta durƙusa. "Ni ce Rumasa'u da Marwan yake ba ki labari. Ba a Shisha nake ba. A saman kicin ɗin nan nake kwana. Ni nake yin miyar nan. Ba ni da iƙama, ban taɓa samu ba. Ƙarya na yi masa, ta hannunsa kuma na yi miki."

Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kin gani ko, Ammati!" in ji Samah ga gwaggon tata. "Wallahi abin da nake so ki gani ke nan!"

Hajiya Lailatu ta juya ga ɗanta. "Ka ji?"

Marwan yana kallon tabarma. "Na sani, Ummi."

"Ka san me?"

"Tun wata bakwai." Ya ɗago, amma bai iya kallon Rumasa'u ba sai hannunta. "Akwai tabon ƙunar mai a wuyan hannunta na dama. Shekara biyu ina ganinsa a taga. Haɗuwarmu ta uku ta miƙo min wayarta, hannun riga ya ja baya."

Rumasa'u ta rufe tabon da ɗaya hannun.

"Ka sani... ka bar ni ina sauka a ƙofar mutane?"

"Ina shan kwana in tsaya, sai na ga kin samu tasi."

"Me ya hana ka magana?"

"Don in ke ce mai hannun nan, to kin ji abin da na ce wa Talal. Kullum ina cewa gobe zan ba ki haƙuri. In na zo sai in kasa. Na ce bari in jira ki fara faɗa, ni kuma in samu hanya. Tsoro ne kawai, Ruma."

"Me ka ce wa Talal?" in ji Hajiya Lailatu.

Ya maimaita, kalma da kalma.

Tsohuwar ta bar Larabci ta koma Hausa, irin ta tsofaffi.

"Uwata da ƙafa ta shigo garin nan. A bakin wancan masallacin ta soya ƙosai shekara goma sha biyu kafin a rubuta sunanta a wata takarda. Da ƙosan aka sa ni makaranta." Ta kalli Samah. "Kakarki ce ke ma. Tashi ki jira mu a mota."

Samah ta fita, labulen yana kaɗawa a bayanta.

Hajiya Lailatu ta gutsiri tuwon, ta ɗanɗana miyar, ta ajiye.

"Tashi daga durƙuson nan, yarinya. Na ji daɗin da kika zo da ƙafarki. Amma kada ki ɗauka na yarda. Ba zan yarda a ɗaura aure a ɗaki ba, a haifa min jikan da babu asibitin da zai rubuta sunansa."

"Ni ma ba zan yarda ba, Hajiya. Na san yadda rayuwar nan take."

"To?"

Rumasa'u ta riga ta yi wannan tunanin kwana uku.

"Daga yau babu kicin da zan ɓuya. Zan kai kaina ga hukuma, a mayar da ni Kano. Ina da kawu a Fagge. In yi fasfo da sunana."

"Ba lallai a bar ki ki dawo ba," in ji Marwan.

"Na sani."

"Ba ki san kowa ba a can!"

"Za su san ni a yadda nake."

Sai a lokacin ya kalle ta ido da ido. "Ki yafe min maganar nan, Ruma."

"Ka yafe min Shisha."

"Zan nemi izinin aurenki a hukumance. In ba a bar ki kin dawo ba, ni ina da fasfo."

"Da wannan Hausar taka?" in ji mahaifiyarsa. "A tasha za su sayar da kai."

Bayan La'asar Ɗan'auta ya kashe gawayinsa. Hajiya Kabira ta sa kwaɗo a ƙofa, ta ba Rumasa'u muciyar da mahaifiyarta ta yi aiki da ita. Bayan mako uku aka rushe ginin. Mairama ta samu aikatau a wani gida. Malam Mukhtaru ya koma cin burodi da wake a shagonsa, cikin kwano mai shuɗin baki.

Rumasa'u ta kai kanta, aka mayar da ita Kano. Izinin auren ya ɗauki wata goma sha huɗu.

An ɗaura auren a Fagge ranar wata Asabar. Hajiya Lailatu ta zo, ta kawo saƙon turare daga Hajiya Kabira. Marwan ya gaida kawun amarya da "sannu da aiki" a maimakon "ina wuni", aka yi ta dariya har bayan walima. Maganar komawar Rumasa'u Makka kuwa tana nan a gaban hukuma, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Washegari da rana ta tuƙa tuwo da tsohuwar muciyar, ta kaɗa miyar kuka. Ta kawo masa har inda yake zaune a tsakar gida, ta miƙa.

Bai karɓi farantin ba. Wuyan hannun ya riƙe, daidai kan tabon.

"A gaida mai miya," ya ce.

"Tana amsawa," in ji Rumasa'u. "Ga ta a gabanka."