Baƙon da Ya Sauka a Tsibirinmu

A ɗakin taron cocin tsibirinmu Euan ya fara ganin Catriona. Tana zaune tana sayar da littattafan marigayi babanta Lachlan, tsofaffin nan masu hoton kumbo a bango, labaran mutanen da ke barin duniya su je su kafa gari a duniyar Mars. Gyaran injin jirgin ruwa ya kawo Euan tsibirin, ya ƙare da saye tulin duka. Wai littattafan yake kallo. Mu da ke wurin mun san inda idonsa yake.

Tun ranar yake kiranta Kyaftin, kamar shugabar kumbo, ita kuma tana ce masa Baƙo.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Morag ta ce sam. Ita ta yi zaman aure da mai karanta irin waɗannan: ido a sama, rufin gida na yoyo, har ya mutu bai gyara ba. Mai wannan karatu, in ji ta, kullum zuciyarsa tana wani wuri.

Catriona ta yi ta kare shi, har saƙon nan ya shigo wayarta:

"Kyaftin, sun zaɓe ni. Shekara guda a rufaffen gida cikin hamada, gwajin zaman Mars. Zan zo mu yi magana."

Ta sha kuka, abin da ya fi mata ciwo kuwa shi ne maganar uwarta ta tabbata. Ya yi ta kira, ta ƙi ɗagawa.

Ranar Asabar ƙarar guduma ta fito da su waje. Ga Euan a saman rufinsu cikin yayyafi, ƙusa a baki.

"Sauko kafin ka karya wuya," in ji Morag. "Ba hamada za ka ba?"

Ya ce ya ba masu gwajin haƙuri, ba zai je ba. Ya sake karanta littattafan Lachlan, ya lura tafiyar ba ta wuce 'yan shafuka. Sauran duk mutane ne a wuri mai sanyi da iska, suna toshe yoyo, suna neman wanda za su zauna da shi.

"Ni na riga na sauka, Mama. In dai Kyaftin za ta bar ni in zauna."

Catriona ta ce ya gama rufin tukuna. Murmushinta ne ya tona mata asiri.

A gidan aka yi walimar auren. Bayan an sha miyar kifi, an yi rawa har ƙafa ta gaji, Morag ta ciro wani littafi daga jakarta, bangonsa ya yi laushi don shan hannu. Shi kaɗai ta ɓoye ranar sayarwa. Shi ne Lachlan ya riƙa karanta mata lokacin da yake neman aurenta.

"Bai gyara rufi ba," ta ce, "amma bai taɓa tafiya ya bar ni ba. Na gode masa, kai ma na gode maka. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Ta miƙa wa Euan littafin, duk muka ce amin. Ana ta ruwa a waje, ko ɗigo bai shigo ba.