Gwiwar Gola

"Ranar Asabar wace raga za ki tsaya?"

Ban ɗago ba. Na ci gaba da taka keken ɗinki kamar ban ji shi ba.

"Auta, da ke nake."

"Na ji ka."

"To ki kalle ni mana..."

Na cire ƙafa daga kan keken, shagon ya yi tsit. Gola, mai tsaron ragar ƙungiyarmu, yana tsaye a bakin ƙofa, ya dogara da sandar ƙarfe, gwiwarsa ta dama naɗe da bandeji. Mutumin da na saba gani yana tashi sama a bakin raga kamar ba shi da nauyi, yau hawa dakalin shagonmu ma sai da ya cije leɓe.

"Wannan tambayar bai kamata ta fito daga bakinka ba," na ce.

"Na sani, masoyiya. Amma ba ni da wanda zan aiko."

Ƙungiyar ƙwallon garinmu ba ta da ubangida. Duk wanda ya yanki kati shi ma mai ita ne: direba, makanike, malamin makaranta, har da mu mata. Babana tela ne, yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma duk rigar da 'yan wasa suka taɓa sawa a shagonmu aka ɗinka ta. A nan na san Gola. Safar hannunsa ba ta rabuwa da yagewa, har na fara zargin da haƙori yake ɓarke ta don ya samu dalilin zuwa.

Sai ga wani attajiri da ake kira Mai Siminti ya ce a sayar masa da ƙungiyar. Zai gyara fili, zai kafa fitilu, zai sayo 'yan wasa. Ya kuma yi wa Gola alkawarin idan ciniki ya faɗa zai kai shi wurin babban likitan ƙashi a yi masa aiki. Mu kuwa masu ƙungiya, tun da jijiyar gwiwar ta tsinke a tsakiyar wasa, abin da muka iya ba shi bai wuce man zafi da "Allah ya ƙara sauƙi" ba.

"Matan ƙungiya ke suke bi," in ji Gola. "Inda kika nufa can za su nufa."

"Baba fa?"

"Baba yana da ƙafafunsa biyu lafiya lau, Auta."

Maganar ta soke ni, shi ma na ga ta soke shi. Ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri... Ban san yin komai ba sai tare ƙwallo. Idan gwiwar nan ta tafi, da me zan zo gaban mahaifinki?"

Na mayar da ƙafa kan keken, na ci gaba da ɗinki.

Ranar Asabar ɗin ne za a yi ƙuri'ar sayarwa, amma mu ba ma jefa takarda a akwati. Tun farko su Baba suka ce duk wanda zai yanke wa ƙungiya hukunci, ya yanke shi a gaban idon maƙwabcinsa. Ana taruwa a da'irar tsakiyar fili, a busa usur, masu "a sayar" su nufi raga ɗaya, masu "kada a sayar" su nufi ɗayar. 'Yan wasa ba su da ƙuri'a, tunda ma'aikata ne. Kuma ba a fara ƙirge sai da'irar ta zama babu kowa a ciki. Wato dai duk inda na tsaya, Baba zai gani, Gola ma zai gani.

Washegari da la'asar na dawo daga sayo zare na tarar da Sakataren ƙungiya zaune a kan bencin shago, ya harɗe ƙafa yana shan ruwan sanyi. Wannan bawan Allah ya daɗe yana zarya a kaina, wai shi so. Idan ya zo, sai ya fara yabon Baba kafin ya gaishe ni, kamar Baban zai aura.

Fuskar Baba babu annuri.

"Zauna," ya ce. "Maimaita mata abin da ka faɗa mini."

Sakatare ya gyara murya. "Wallahi ba don in ɓata kowa ba. Amma da idona na ga Gola a motar Mai Siminti, a kujerar baya, suna ta dariya. An ce aikin da aka ba shi ke nan, ya juyo da kan Auta, ita kuma ta juyo da kan mata."

"Ƙarya ne!" na ce, tun kafin in yi tunani.

"Ya tambaye ki ragar da za ki tsaya, ko bai tambaye ki ba?" in ji Baba.

Na kawar da kai.

Baba ya ajiye almakashi a hankali. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Auta, da hannayen nan na kwashe duwatsun filin can. Yau mutum ya saye mu don marmari, gobe marmarin ya fita ya sayar wa wanda bai san sunan unguwarmu ba, ko ya ɗauke ƙungiyar ya kai wani gari. Wa za ki kai wa ƙara? Ba zan tilasta miki raga ba, katinki ne. Amma yaron da zai yi talla da soyayyarki, ba zan ba shi ke ba."

Na je na sami Gola a ɗakin sauya kaya, yana zaune shi kaɗai yana warware bandeji. Ɗakin na warin man zafi da jiƙaƙƙun takalma.

"Ka shiga motarsa?"

"Na shiga. Hoton gwiwa ya kai ni aka ɗauka."

"Ya ce ka roƙe ni?"

Ya daɗe yana kallon bandejin da ke hannunsa. Na yi ta addu'a a raina ya yi mini ƙarya.

"Ya ce."

"Shi ne ka zo?"

"Shi ne na zo." Ya ɗago, idanunsa jajur. "Amma ki riƙe wannan: son da nake miki ya girmi zuwan Mai Siminti. Tsoro ne ya kawo ni shagonku, Auta. Ina jin tsoro... Kullum na tashi sai na taɓa gwiwar nan in ji ko ta sauya ra'ayi."

Na so in zage shi, na so in zauna kusa da shi in yi kuka. Na rasa wanda zan fara, sai na juya na fita.

Ranar Asabar filin ya cika tun rana na tsaka. Motar Mai Siminti na gefen katanga, gilashi a rufe. 'Yan wasa na jere a benci, Gola a ƙarshensu, ya miƙe ƙafa ɗaya. Shugaban ƙungiya, wani dattijo mai gyaran rediyo, ya nuna ragar da ke wajen ƙofa ya ce ta masu "a sayar" ce, ta wajen katanga kuma ta masu "kada a sayar".

Ya busa usur.

Jama'a suka dare biyu. Wa da ƙane suka rabu, aminai suka wuce juna ba kallo. Baba ya nufi wajen katanga ko waiwaye babu. Sakatare ya ɗan tsaya yana gyara igiyar takalmi, sai da ya ga gefen Baba ya fi cika, sannan ya ruga can yana ɗaga hannu kamar shi ya fara zuwa.

Ni kuwa ƙafata ta ƙi tashi. Matan da ke bayana suka jira, suka gaji, suka watse kowa da ragarta. Na rage ni kaɗai a da'ira.

"'Yar tela, ke muke jira!" Shugaba ya ɗaga murya. "Ba a ƙirge sai kin fita."

A lokacin ne na lura da abin da na riƙe. Muddin ina tsaye a wurin, babu wanda ya ci, babu wanda ya faɗi.

"Ba zan fita ba sai an amsa mini tambaya!"

Aka fara surutu. Wani ya ce zafin rana ne ya taɓa ni.

Na juya wajen katanga, inda Baba yake. Na ɗaga murya.

"Ku da kuka ce kada a sayar, kun ce ƙungiya tamu ce. Na yarda! Ni ma a raina can nake. To idan tamu ce, gwiwar Gola ta wace ce? A wasanmu ta tsinke, da rigarmu a jikinsa, muna ta ihu muna tafi. Ranar cin kofi kowa mai ƙungiya ne. Ranar da aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ina masu ƙungiyar suka shiga? Mutumin can na cikin mota ko don kansa ya yi, ya dai tambayi yadda gwiwar ta kwana. Mu fa?"

Mutane suka fara kallon ƙasa.

"Ka gani ko, Baba?" Sakatare ya faɗa da ƙarfi. "Karatun da aka biya mata ne take..."

"Rufe mini baki," in ji Baba, bai ko kalle shi ba.

Sai na ji ƙarar sanda a kan ciyawa. Gola ne ya taso daga benci, ya tsallake layi, abin da doka ta hana ɗan wasa ranar ƙuri'a.

"Auta, bari!" ya ce. "Ni ba bara na zo yi ba. Kada ki tara mini jama'a su ji tausayina."

"Wa ya ce tausayi? Haƙƙinka ne. Idan motar haya ta lalace a kan hanya, direba ke gyarawa ko mai mota?"

"Mai mota!" wani direba ya amsa daga cikin taro, da zafin wanda abin ya daɗe yana ci masa rai. Aka fashe da dariya, har Shugaba.

Baba bai yi dariya ba. Ya fito daga cikin mutane, ya tako a hankali har da'ira. Ya tsaya yana kallon bandejin Gola kamar yau ya fara ganinsa.

"Tun yaushe kake kwana da ciwon nan?"

"Tun ranar, Baba."

"Ni kuma ban taɓa zuwa duba ka ba." Ya juya ga jama'a. "Yarinyar nan ta faɗi gaskiya, kuma ta ba ni kunya. Idan ba za mu iya ɗaukar nauyin wanda ya karye a kanmu ba, gara mu sayar yau, don ba mu cancanci riƙewa ba. Duk wanda ya tsaya a wajen katanga, ya sani da wannan nauyin ya tsaya. Wanda ba zai iya ba, ga hanya, ya sauya raga."

Wasu kam sun sauya, ban ga laifinsu ba. Wasu kuma daga wajen ƙofa suka tsallako. Ni na bi bayan Baba zuwa wajen katanga. Da aka ƙirga, ba a sayar ba. Motar ta tashi ta fita, gilashinta a rufe.

An yi wa Gola aiki a asibitin garinmu. Masu kati suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu, har ma'aikatan asibiti suka fara tambaya ko shi ɗan wani babba ne. Baba ya fi kowa zuwa, yana zama ya yi ta yi masa gardamar ƙwallayen da ya bari suka shiga shekarun baya.

Amma gwiwar ba ta dawo yadda take ba. Ranar da likita ya ce zai yi tafiya lafiya, sai dai tsaron raga ya ƙare, ina zaune a kujerar gefen gado. Likita ya fita, ya bar mu da ƙarar fanka.

Tambayar da na daɗe ina gudu ta fito da kanta.

"Da an sayar... da wancan babban likitan ne ya yi aikin... da ka koma raga?"

Ya kalli gwiwarsa.

"Wataƙila," ya ce.

Hawaye suka zubo mini. Na so ya ce a'a.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Auta, wataƙila da na koma. Wataƙila kuma da ta ƙi, a sallame ni a sayo wani kafin in sauka daga gado. Ba mu sani ba, kuma ba za mu taɓa sani ba. Zan yi kewar ragar nan har in mutu."

"Ka tsane ni?"

"Na gwada," ya ce, yana ɗan murmushi. "Kwana biyu na yi ina gwadawa, abin ya ƙi."

Na rufe fuska da mayafi ina kuka ina dariya.

"Share hawayen, akwai saura. Jiya Baba ya ce in na fara takawa ba sanda, in turo manyana. Na ce masa ba ni da sana'a yanzu. Ya ce ƙungiya na neman mai horar da masu tsaron raga, albashin ba shi da yawa, kuma iyayen gidan sun yi yawa, kowa da bakinsa."

"Me ka ce?"

"Na ce sai na tambayi ɗaya daga cikin iyayen gidan." Ya kalle ni sosai. "Za ki iya zama da mutumin da wani lokaci zai kalli fili ya yi shiru, kuma kin san dalili?"

Na san dalilin, na kuma san da hannuna a ciki.

"Zan iya," na ce. "Idan ka yi shirun, ka bar ni in zauna kusa da kai."

Ya gyaɗa kai. Na tashi na miƙo masa sandarsa, don lokacin gwada tafiya ya yi.